Ƙarfen Gangar Divine

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a wata firamare da ke Mpape, can saman dutse. Ita ce mai kaɗa ƙaramar ganga a badujalar makaranta. Shekara biyu tana kiɗa kowace safiya, har ta ɗauka gangar tata ce. Ko ƙuda ya sauka a kai sai ta harare shi.

A ajinsu akwai wani yaro mai suna Divine. Shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun yana jariri, da sanduna biyu yake tafiya. Amma hannunsa akwai kiɗa. Idan ya buga tebur da biro, duk aji sai an gyaɗa kai.

Matsalar ɗaya ce. Rataya ganga ake yi a kafaɗa, mai kiɗa yana tsaye. Divine ba zai iya riƙe sandunan tafiya da na kiɗa lokaci guda ba. Idan kuma ya zauna ya ɗora ta a cinya, sai ta zame, sautin ya mutu.

Malam Zacharias, malamin badujala, ya je wurin Oga Innocent mai walda. Aka haɗa wani ƙarfe mai ƙafa uku. Bututu ne a cikin bututu, da zobe a sama inda ganga ke zama. A gefe akwai noti mai kunne biyu. Idan ka kwance notin, sai ka ɗaga ganga ko ka sauke ta. Idan ta yi maka daidai, sai ka ɗaure.

Malam ya sauke shi daidai kujerar Divine, ya juyo ga yara.

"Ku saurara. Da hannu ake ɗaure notin nan, da hannu ake kwance shi. Idan ya ƙi, ku kira ni. Kada wanda ya buga masa komai. Kun ji?"

"Mun ji, Malam!"

Divine ya zauna, ya karɓi sanduna. Da ya fara kiɗa, har masu shara suka tsaya da tsintsiya a hannu. Malam ya yi dariya, ya ce ranar Asabar, ranar ba da kyaututtuka, Divine ne zai kaɗa ganga a gaban iyaye.

"Ni fa, Malam?" in ji yarinyar.

"Ke ki riƙe kacau-kacau."

Kacau-kacau! Abin da ake ba 'yan aji ɗaya! Ta karɓa, amma baƙin ciki ya cika mata ciki. Ta ji ta tsani ƙarfen nan mai ƙafa uku.

Ranar Alhamis da aka tashi, aka aike ta ta mayar da kayan kiɗa sito. Ita kaɗai ce a ciki. Ta dubi ƙarfen, ta dubi ƙofa.

"Bari in ji abin da ake wa rawar kai," ta ce a ranta.

Ta kwance notin, ta ɗaga gangar daidai ƙugunta, ta ɗaure. Ta fara kiɗa da haushi. Ƙarfin bugun ya sa bututun ya ɗan zame ƙasa. Maimakon ta haƙura, sai ta ɗauko dutsen da ake tare ƙofa da shi. Ta buga kunnen notin sau uku. Ya ɗauru tam.

Da ta gama, ta zo kwancewa. Noti ya ce bai san zancen ba. Ta murɗa har tafinta ya yi ja. Ta sake ɗauko dutsen ta buga ta ɗaya gefen. Kunne ɗaya ya ɓalle. Ta buga ɗayan, shi ma ya faɗi ƙasa.

Ofishin Malam Zacharias yana nan kusa, tana ma jin muryarsa. Amma ta tsince kunnuwan ta jefa a aljihu. Ta tura ƙarfen lungu, ta ja ƙofa, ta sauka gida da gudu.

Washegari Juma'a aka fito gwajin ƙarshe a gaban duk makaranta. Divine ya zauna a kujerarsa. Aka ajiye masa ƙarfen. Gangar ta tsaya daidai haɓarsa.

Malam ya kai hannu wurin notin, sai ya tsaya.

"Wa ya taɓa wannan?"

Yarinyar ta ƙura wa takalminta ido.

"Na ce wa ya taɓa?"

Babu wanda ya amsa. Malam ya gwada da hannu, ya gwada da filaya. Noti bai motsa ba.

"Malam, bari in gwada a tsaye," in ji Divine.

Ya miƙe, ya jingina da sanda ɗaya a hammata. Ya buga sau biyu. A na uku sandar ta zame, ya kife, ƙarfen da gangar suka bi shi. Wasu yara suka fashe da dariya. Wani ma daga baya ya kwaikwayi faɗuwar.

Divine bai yi kuka ba. Ya lalubo sandunansa, ya tashi da kansa, ya ƙi hannun kowa. Ya nufi ƙofar makaranta ko jakarsa bai ɗauka ba.

Malam ya tsawata wa masu dariya. Sannan ya cire gangar daga zoben, ya miƙa wa yarinyar.

"Babu yadda za a yi. Gobe ke za ki kaɗa."

Abin da take so kenan, ga shi ya zo hannunta. Ta rataya gangar ta buga. Ba ta ji daɗin komai ba. Kunnuwan notin suna cikin aljihunta, suna sukar cinyarta.

Da la'asar tana tsakar gida tana taya Mama yanka awara, sai ga Maman Divine ta yi sallama. Tumatir take sayarwa a bakin hanya, kuma sun saba da Mama. Ta zauna a kan benci ta share ido da bakin zane.

"Maman yara, yaron nan ya ƙi cin abinci. Ya ce shi da makaranta har abada. Ni kuma na ɗinka masa sabuwar riga, na ce gobe ba zan buɗe tebur ba, zan je in gan shi. Tun da na haife shi ba a taɓa kiransa gaban mutane ba. Wane irin mutum ne zai yi masa haka?"

Mama ta ba ta haƙuri har ta tafi. Da ta juyo, sai ta ga 'yarta ta daina yanka, hawaye na ɗiga a kan faranti.

"Ke kuma lafiya?"

Yarinyar ta sa hannu a aljihu, ta fito da kunnuwan notin. Ta faɗi komai, tun daga kacau-kacau har zuwa dutse.

Mama ba ta ɗaga hannu ba. Da ma dukan ta yi, da ya fi sauƙi.

"Kina tsaye ya faɗi?"

"E, Mama."

"Kina ji ana masa dariya?"

"E."

"Kuma bakinki bai buɗe ba? Ɓarnar ƙarfe ba ta dame ni ba, kowa yana ɓarna. Shirun nan naki shi ne ya ba ni kunya. Da kin faɗa jiya, da an gyara jiya."

Da sassafe ranar Asabar, Mama ta tasa ta a gaba har makaranta. Yarinyar ta faɗa wa Malam Zacharias gaskiya da bakinta.

"Ofishina taku goma ne daga sito," ya ce. "Ɗauki ƙarfen, mu je."

Ita ta saɓa shi a kafaɗa. Suka bi 'yar siririyar hanya suka gangara shagon Oga Innocent. Ya juya notin ya yi tsaki.

"Oga Ticha, wannan noti ya mutu. Sai an yanke shi, a yi walda da sabo. Kuma tun jiya babu wuta. Janareta ɗina yana wurin gyara. Sai Litinin."

Taro ƙarfe goma ne. Suka hauro dutse. A bakin makaranta yarinyar ta tsaya.

"Malam, idan na durƙusa na riƙe masa gangar fa?"

"Kin san minti nawa ake kiɗan? Hannunki zai gaji. Kuma babu wanda zai tafa miki."

"Na sani."

"To, ba ni za ki roƙa ba."

Suka je gidan su Divine. Yana zaune a bakin ƙofa, sabuwar rigar tana rataye a igiya. Yarinyar ta tsuguna ta gaya masa abin da ta yi. Ta ba shi haƙuri.

"Ke ce?" in ji Divine. "Jiya da na faɗi, ke na fara dubawa. Na ɗauka za ki hana su dariya."

Wannan magana ta fi mari zafi. Divine ya juya mata baya. Sai da mamansa ta sauko da rigar ta ajiye masa a cinya, ta ce ya yi don ita, sannan ya sa hannu ya ɗauka.

Ƙarfe goma iyaye suka cika fili. Divine ya zauna a kujerarsa. Yarinyar ta durƙusa a kan tsakuwa, ta tallabi gangar da hannu biyu.

"Ɗan ɗaga," in ji Divine, bai dube ta ba. "Ya yi yawa. Sauke kaɗan. Yawwa, nan."

Ya fara. Kowane bugu sai ta ji shi har kafaɗa. Kunnuwanta suka yi dum. Tsakuwa ta nutse a gwiwarta. Hannunta ya soma rawa, ta cije leɓe ta riƙe. Sau ɗaya sanda ta same ta a yatsa, ba ta saki ba.

Da aka gama, fili ya kaure da tafi. Maman Divine ta miƙe tsaye tana ihu, "Yarona ne! Yarona ne!" Babu wanda ya kira sunan yarinyar. Ta ajiye gangar a hankali, hannun ya ƙi miƙewa.

Malam Zacharias ya zo ya tsaya a kansu. Ya ce yarinyar ba za ta taɓa kayan kiɗa ba sai zango mai zuwa. Ta ce ta yarda.

"Ki riƙe abu biyu," ya ce. "Kada ki ji haushi don an ba wani dama. Kuma idan kin yi ɓarna, ki faɗa nan take. Wanda ya ɓoye laifinsa, wani ne yake shan wahalar."

Divine ya dubi yatsanta da ya kumbura.

"Ya yi zafi?"

"Kaɗan."

"Ƙarya kike, da ƙarfi na buga." Ya yi ɗan murmushi, ya miƙa mata sandunan kiɗan. "Riƙe min. Ranar Litinin ki biyo ta gidanmu, mu taho makaranta tare."