Launi na Huɗu

Ranar Talata, sha biyu ga wata, aka fara cutar Hedimasta. A ranar ya kai tsohon faifan bikin ritayarsa shagon Injiniya don a mayar da shi sabon faifai, tunda tsohuwar na'urarsa ta mutu. A cikin faifan akwai jawabin babban ɗansa, wanda ya rasu bara. Uwar yaron kuwa kunnenta ya daɗe da toshewa, da rubutun da ke fitowa a ƙasan allo kaɗai take jin ɗanta.

Da aka kawo aikin, rubutun da yake fari tas ya koma kore a kan kore, kamar an zana shi da gansakuka. Aka sake, ya fito ja mai baƙi a ciki. Matar ta ƙura ido har hawaye, ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.

Gab da magariba Hedimasta ya dogara sandarsa ya koma shagon.

"Injiniyan baka! Da ɗalibina ne kai, da yau ka kwana a durƙushe."

"Baba, a yi haƙuri. Tsohon faifai launi huɗu yake ba rubutu: na harafi, na bakinsa, na inuwa, da na huɗu wanda ba a gani. Wajen juyawa suke hautsinewa."

"Ban zo ɗaukar darasi ba. Gyara."

Maƙwabta suna ta jan ƙofofinsu. Shagon ya cika da warin ƙonanniyar waya da ƙurar tsofaffin faya-fayai. Fanka tana ƙiƙir-ƙiƙir. Injiniya ya gaji da gwada launukan ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsaki.

"Bari in kunna su duka, har da ɓoyayyen, kowa ya huta."

Ya danna.

Rubutu ya fito fari tas. Hedimasta ya buɗe baki zai ce ai ga shi, sai ya lura. A allon babu mai magana. Baƙi ne kawai suna jan kujeru. Amma a ƙasa wani layi yana tafiya, mai launin toka, siriri.

*Matsa, wannan ƙatuwar ta zauna a kan ƙafata.*

"Wa ya rubuta wannan rashin kunyar?"

"Baba," Injiniya ya rage murya, "ban taɓa komai ba."

*Shiru. Ana karanta mu.*

Fanka ta tsaya. Allon bai mutu ba.

*Wa ya buɗe?*

*Mai sandar nan ne ya matsa masa.*

Wani wari ya taso, irin na ɗakin da ya shekara a rufe. Bencin da Hedimasta yake kai ya lotsa ta ɗaya gefen, a hankali, kamar wani ya zauna.

A allon, kujerun da babu kowa a kansu suka fara juyowa. Ɗaya. Sai wata.

Injiniya yana ta danna linzamin kwamfuta.

"Ya ƙi rufuwa, Baba."

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyan Hedimasta. Wani abu ya kama ƙasan sandarsa, yana ja.

Sai ɗansa ya bayyana a allon, da takardar jawabi a hannu. Bai dubi jama'a ba. Mahaifinsa ya duba. Rubutun ya dawo fari.

*Baba, saki sandar. Fita.*

Ya saki.

Bai san yadda ya kai titi ba. Ya dai ji ƙofar ƙarfen ta sauko da kanta a bayansu, ta tsinke wa Injiniya takalmi.

Da safe aka tarar da faya-fayan biyu a kan teburin shagon. Hoto lafiya lau, amma rubutu ya goge daga tsohon da sabon. Yanzu matar Hedimasta takan zauna tana kallon leɓɓan ɗanta suna motsi, ta juyo ta ce, "Malam, me ya ce a nan?" Shi kuwa duk sanda ya buɗe baki sai muryarsa ta ƙi fita.

Injiniya ya zo gidan Hedimasta da dattawan layinsu, ya durƙusa.

"Baba, ka gani da idonka, aikin mutanen ɓoye ne."

"Ba mutanen ɓoye na kai wa faifaina ba, kai na kai wa. Suna zaune a launinsu ba su taɓa kowa ba, gandarka ta tono su. Ba a ɗakina za ka ba da haƙuri ba. Ka tsaya a ƙofar shagonka da rana tsaka, gaban kowa, ka faɗi abin da ka raba matata da shi. Kuma ka rubuta mata ban haƙurin da manyan baƙaƙe, don ita ma ta ji."