Kunnen Honarabul

Sufeto Isyaku yana zaune a ofishinsa na Bompai, yana kallon wani ƙadangare mai guntun jela a kan taga, sai Honarabul Abdulbaƙi, ɗan majalisar jiha, ya shigo shi kaɗai ya tura ƙofa.

"An yi mini sata jiya a Challawa."

"Me aka ɗauka, yallaɓai?"

Honarabul ya kalli bakin Sufeto, bai amsa ba. Sai da aka maimaita da ƙarfi, sannan ya sunkuyar da kai.

"Na'urar ji ce. Ƙarama, kamar ƙwayar gyaɗa. Kunnena na hagu ya mutu, na daman ma saura kaɗan. Ko matata ba ta sani ba. Jibi za mu kaɗa ƙuri'a, ka rufa mini asiri."

Ƙudirin da za a kaɗa wa ƙuri'ar zai hana masana'antun jima zuba ruwan dagwalonsu a kogin Challawa. Kwamitin Honarabul ya je duba wata masana'anta, azahar ta yi, ya cire na'urar don ya shafi kunne a alwala, ya ajiye ta a bakin katangar masallaci. Da ya juyo babu ita.

Sufeto ya tafi masana'antar. A bayanta ruwa yana fita shuɗi da safe, ja da rana, har ya tsaya yana kallo kamar wanda ya ga bakan gizo ya faɗo ƙasa. Manajan wurin, Gali, ya rantse yana ofis lokacin salla.

"Mai gadi ya ce kai ka riƙe wa Honarabul buta."

Gali ya share gumi. "To, na riƙe. Tsoro ne ya sa na ɓoye. Amma Sufeto, ni zan so ya kurumce? Ai jibi ma muna buƙatar ya ji waya."

"Wayar wa?"

"Ta Alhaji mana. Wanda ya tsayar da shi takara. Shi ke da masana'antar nan."

"Wa kuma ya yi alwala kusa da shi?"

"Wani tsoho mai lambu. Wansa ne wai."

Washegari Sufeto ya sami Malam Idrisu, wan Honarabul, a lambunsa da ke bakin kogi, kusa da Panshekara. Ganyen alayyahun duk ya ƙone kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Tafin hannun tsohon ya daddare.

"Na'ura? Ni ban san wata na'ura ba, ɗana. Ƙanena garau yake ji."

Sufeto bai yi musu ba. A wannan unguwa shi ma ya tashi, a kogin nan ya koyi iyo, kuma shekaru yana wucewa ta gadar kogin da gilashin mota a rufe. Ya kasa haɗa ido da tsohon.

Ranar ƙuri'a da la'asar, bayan majalisa ta tashi, Sufeto ya kira Honarabul zuwa lambun. Yana saukowa daga mota, Malam Idrisu ya zagaya ta damansa, ya kai baki dab da kunnensa, ya ɗaga murya yana yi masa sannu da zuwa.

"Baba," in ji Sufeto a hankali, "kun ce garau yake ji."

Tsohon ya tsaya cak. Can ya zura hannu aljihu, ya fito da ƙullin leda.

"Ni na ɗauka. Ni na goya shi ranar da zazzaɓi ya kashe masa kunne, ta yaya ba zan sani ba? Duk ranar ƙuri'a Alhaji zai kira shi ya ce masa ga abin da zai faɗa. Na ce bari sau ɗaya tak ya rasa jin wayar. Ya ga ruwan da idonsa, ya shaƙi warinsa. Na ce ƙila ya bi abin da ya gani." Ya juya ya ɗaga murya. "Audu, me ka ce a majalisa?"

Honarabul ya dubi takalminsa.

"Yaya, ban ji lokacin da aka tambaya ba."

"To me ka yi?"

"Na kalli bakin jagoranmu. Da ya buɗe, na buɗe."

"Me bakin ya ce?"

"A'a."

Ƙudirin ya faɗi. 

Sufeto ya miƙa wa Honarabul ƙullin. "Yallaɓai, kai ka kawo ƙara. In ka janye, magana ta mutu a nan."

Honarabul ya kwance ledar, ya tura na'urar a kunne. Ya buɗe baki ke nan waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba sunan: Alhaji ne. Ya kalli wansa. Sannan ya juya baya, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe. E, an gama lafiya."

Malam Idrisu ya jingine fartanyarsa, ya kakkaɓe riga.

"Mu je, Sufeto. Ba sai ka sa mini ankwa ba."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba, ya riƙe ta har tsohon ya zauna.