Alamar Cikin Murfi

"Kowa ya kwanta!"

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a wani shagon agogo da ke hawa na biyu na wani tsohon gini a unguwar Sham Shui Po. Mak Chun-fai, ogan tawagar, ya ɗaga bindiga da hagu, ya maka wa gilashi guduma da dama. Direbansu Tsui Lok na ƙasa cikin mota, bai kashe inji ba. Na ukun, Pang Yiu-tong, ɗan shekara hamsin da takwas, yana tsaye riƙe da jaka, gumi ya jiƙa ƙyallen da ya rufe fuskarsa.

Mak ya ce wa Pang, "Kawu, nuna min agogon na gaske. Yi sauri."

Amfaninsa ke nan a wurinsu. Shekara talatin Pang ya yi yana gyaran agogon hannu masu wani, irin na murɗawa, har aka rushe kasuwar da rumfarsa take, ya koma zaman gidan shayi. A can Mak ya tsince shi. Shi ya zaɓa musu wannan shagon, domin a nan ya koyi sana'a, kuma ya rantse musu cewa tsoho Sit, maigidansa na da, yana fita cin taliya kullum ƙarfe ɗaya.

Yau bai fita ba. Ga shi nan bayan teburi, ya ranƙwafa, ya tsufa fiye da yadda Pang ya bar shi. Tun daga wannan lokaci Pang bai ƙara tunanin kurkuku ba. Abin da yake tsoro kawai, kada tsohon ya san shi ne. Saboda haka ya kama bakinsa, ya riƙa nuni da yatsa. Wannan. Wancan. Bar wannan.

Wani siririn agogon zinare ya zame daga hannun Mak, ya daki siminti. Tsoho Sit bai ko dubi bindiga ba, ya durƙusa zai ɗauka.

"Yaro, a hankali, ya girme ka—"

Gindin bindiga ya sauka a ƙeyarsa. Ya kife.

"Kwashe, mu ware!"

Minti huɗu aka yi duka. Pang ya sunkuya ya ɗauki agogon kusa da yatsun maigidansa, ya bi matakala.

Sun ɓuya a wani ɗaki saman garejin motoci a unguwar Yuen Long. Mak da Lok suka baje shinkafa da gasasshiyar agwagwa suna ci. Pang ya kara agogon zinaren a kunne. Shiru.

"Ya mutu ko?" in ji Lok. "A narka shi, zinare ai zinare ne."

"Ka ce tsohon ba zai kasance a wurin ba," Mak ya ce, bakinsa cike. "Kai ka yi ƙarya, ba ni ba. Daina kallona haka, Kawu."

Pang ya kwance ƙunshin kayan aikinsa, ya maƙala madubin ƙara girman abu a ido. Ƙarfen da zuciyar agogon ke lilo a kansa ne ya karye, abu siriri kamar gashi. Kwana uku yana kansa, ba don kuɗi ba. Ya kasa gyara abin da ya faru a shagon, to bari ya gyara wannan. Lok har tsokanarsa yake: "Likita, ya mai jiki?"

Rana ta uku agogon ya tashi. Pang ya goge shi, ya juya murfin baya. A ciki akwai ƙananan zane-zane, domin duk mai gyaran da ya san kansa yakan karce alamarsa da kwanan wata a nan, don na bayansa ya san wa ya taɓa shi. Uku daga ciki na tsoho Sit ne. Hannun Pang ya ɗauki allura ya ja tasa a ƙasansu, ya rufe, kamar yadda ya yi sau dubu. Wallahi ko a ransa bai ji ya yi wani abu ba.

Da safe ya farka ya tarar ba Mak, ba Lok, ba jaka, ba agogon zinaren. Sun bar masa kuɗin mota a kan teburi.

Mak ya jinginar da agogon zinaren a hanyarsa ta zuwa hawa jirgin ruwa mai zuwa Macau. Mai shagon jingina ya kira 'yan sanda. Sufeto Yau, mace marar yawan magana, ta kai agogon asibiti inda tsoho Sit ke kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

"Baba, naka ne?"

Ya ji yana bugawa, ya yi mamaki. "A gabana ya faɗi. Wa ya gyara? Buɗe min, 'yata."

Ta buɗe, ta riƙe masa madubi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya fuska bango.

"Ka san alamar?"

"Idona ya mutu."

Ba ta matsa masa ba. Ta ɗauki hoton alamar ta kai wurin masu gyara a unguwar Mong Kok, mutum na biyu ya faɗa mata suna.

A gidan shayi ta sami Pang, kofinsa ya huce. Bai gudu ba. An kama Mak a bakin jirgi, ta ce masa. Lok ya yi ƙoƙarin tsallake shingen 'yan sanda, motar ta kife, ya mutu nan take, yana da shekara ashirin da shida.

Pang ya miƙa hannuwansa. "Ranki ya daɗe, tsohon fa?"

"Ya rasu jiya da yamma."

Pang ya dube ta. "Ya... ya san ko su wa?"

Sufeto Yau ta auna ko ƙarya za ta fi. Amma saƙo aka ba ta.

"Ya ce bai gane alamar ba. Da zan fita sai ya kira ni, ya ce in na ga mai gyaran, in gaya masa aikin ya yi kyau, amma har yanzu man da yake sa wa agogo yana yin yawa."

Pang ya kifa kansa a teburi. Ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta sa masa ankwa.