Allurar Ɓargo Da Ta Koma Ruwa

Da hantsi Likita ta kira ofishin 'yan sanda da kanta. Kafin Sufeto ya gama zama, ta jera masa takardun gwajin jini shida a kan tebur.

"Maganin cutar daji yana kashe ciwo, amma yana ƙona ɓargo, inda jiki ke ƙera jini," in ji ta. "Shi ya sa muke gwada wata allura da ake yi kafinsa, don ta kare ɓargon. Wata biyar jinin mutanen nan bai faɗi ba. A makon nan jininsu duk su shida ya zube. Gobe hukumar asibiti za ta rufe gwajin."

"Wa ke riƙe da makullin firjin allurar?"

"Mai ɗakin magani."

Sufeto ya fara da marasa lafiya. A gadon ƙarshe wata tsohuwa ce kwance, ana mata ƙarin jini.

"Baba, kin ga wani canji a allurar?"

"Ɗan nan, da in an sa mini ita, hannuna har raɗaɗi yake. Ta ranar Alhamis kuwa, ko cizon sauro ya fi ta."

Ya ɗauki kwalba ɗaya daga firjin, ya aika ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda, sannan ya tsare mai ɗakin magani da ido.

"Makullin nan ya taɓa barin hannunka?"

"Ko wanka da shi nake shiga, Yallaɓai."

"To kai ka buɗe firjin ran Laraba da azahar? Ga shi na'urarsa ta rubuta. Masu gadi kuma sun ce a lokacin ka tafi ɗauko 'yarka daga makaranta."

Mai ɗakin magani ya ce, "Mataimakin Likita ne ya ara. Ya ce kada in faɗa."

La'asar na yi sakamako ya iso. Sufeto ya karanta shi kaɗai, ya ninke, ya nufi ofishin Mataimaki.

"Ana zargin an zuba wa mutanen nan guba," in ji shi.

Mataimaki ya yi 'yar dariya. "Haba Sufeto, yaushe ruwan gishiri ya zama guba?"

"Wa ya ce maka ruwan gishiri ne? Ko Likita ba ta ga takardar nan ba."

Sufeto ya buɗe ƙaramin firjin da ke bayan kujera. Ga kwalaben allurar na gaske goma sha takwas a cikin kwali, da sanyinsu.

Mataimaki ya dafe kai. "Shekara tara ina binciken nan kafin ta zo. Aka ɗora ta a kaina. Na so gwajin ya faɗi a hannunta, in tashe shi da sunana."

"Da jinin bayin Allah?"

Ankwa ta yi ƙara a hannun Mataimaki.

Likita ta duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta juya ga wata ma'aikaciyar jinya. "Duk lafiyarsu ƙalau! Sista, kira shugaban hukuma, ki ce ya zo ya gani da idonsa. Gwajin nan ba mai rufe shi."

Aka fito da Mataimaki ta tsakiyar ɗakin jinya, kansa a ƙasa. 'Yan jinya suka miƙe tsaye. Wata ta rangaɗa guɗa, har ma'aikatan hawa na biyu suka leƙo ta taga suna tambayar wa ya haihu.