Marayun Tsawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso kusa da murhu, 'yan matana. Kowacce ta riƙe mazarinta, hannu na kaɗi kunne na saurare.

Da hantsi ne, tsakiyar damina, Basilia na durƙushe a bakin fadamar da ke can saman dutse, rungume da ɗan alfaka, dabbar nan mai gashin tumaki da wuyan raƙumi, wanda ya riga ya sandare. Uwarsa na tsaye a kanta tana wannan kukan nasu na cikin maƙogwaro, hantsarta ta cika har nono na ɗiga.

Kun dai san alfaka da safe take haihuwa, don ba ta lasar ɗanta, rana ce ke busar mata da shi. To a shekarar rana ta ƙi fitowa. 'Ya'yan su faɗo cikin ruwa, su sha nono kwana kaɗan, gudawa ta kama su, shi ke nan.

"Basilia."

Ba ta juya ba, ta san muryar. Toribio ne, saurayin ƙetaren tudu, wanda ya zo neman aurenta har sau biyu, mahaifinta Baba Sabino ya ƙi ko taɓa ganyen kokar da ya kawo a matsayin goron neman aure.

"Ka koma. Idan Baba ya ji..."

"Rabon Baba da hawa nan tun gwiwarsa na da lafiya. Juyo ki gani, kurciyata."

Ta juyo. Bargonsa ya yi tulu a ƙirji, wani ɗan kai ja kamar tukunyar ƙasa ya leƙo ta wuyan bargon.

"Jiya da yamma tsawa ta faɗa wa garkena," ya ce. "Iyayen sun taru a gindin dutse suna fakewa, ta kwantar da su wuri ɗaya. 'Ya'yan suna cikin bukka, Inna ta shigar da su saboda ƙanƙara."

"Wayyo, Toribio..."

"Tun jiya muke ɗura musu ruwan sha'ir da cokali, ba ya zama. Ke kina da nono ba 'ya'ya. Ni ina da 'ya'ya ba nono."

"Ka iya tsara zance kamar mai neman aure."

"Ai na gwada wannan, kin ga inda ta kai ni."

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye.

Ya zaro wuƙa ya feɗe mataccen, suka sa wa marayan fatar kamar riga, suka tura shi ƙarƙashin uwar. Ta sunsuna wutsiyarsa, ta sunsuna kansa. Sai ta kwantar da kunnuwa ta tofa wa Toribio koren yawu a tsakiyar fuska.

"Ita ma 'yar gidanku ce," ya ce yana gogewa.

"Yi shiru... duba."

Marayan ya kama nono. Uwar ta tsaya cik.

Kafin mako ya zagayo ya ƙetaro da sauran ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ɗanta ya mutu aka ba ta wani. Suka yi alkawari idan an yaye su zai zo ya kwashi abinsa. Su ne kaɗai abin da ya rage masa na gobe.

Bari in gaya muku abin da ya sa Baba Sabino ya ƙi yaron, don ba wani aibu gare shi ba. Ranar da aka yi wa Basilia askin fari, uwar ɗakinta ta ba ta 'yar alfaka guda. Hannun yarinyar ya yi albarka. Wannan ta haifi waccan, waccan ta haifi wata, har fiye da rabin garken gidan ya zama nata. Ɗiya kuwa da dabbobinta take tafiya gidan miji. Duk wanda ya zo da koka, ba siriki tsohon ke gani ba, shingensa yake gani ya koma kango.

Akwai kuma Leandra, matar yayanta Nemesio. 'Yar mai sayen gashi ce daga gari, idonta ma'auni ne, ta kalli dabba ta gaya maka nauyin gashinta. Wata rana ta hau dutse kai wa Basilia dafaffen dankali, ta ga jan nan yana tsalle da ragowar farar fata a bayansa.

"Ikon Allah. Yaushe fararen gidan nan suka fara haifar tukwane?"

Basilia ta kama hannunta.

"Yaya Leandra, ki rufa mini asiri. Na Toribio ne. Idan Baba ya ji waɗanda tsawa ta taɓa gidansu suna cikin garkensa, a ranar zai kore su, ba kuma za su kwana biyu ba nono ba."

"Haba ƙanwata, ni da ke? Ci dankalinki."

Ta kuwa rufe bakinta ruf. Sai dai ba don Allah ta rufe ba.

Ranar tsagar kunne ta matso, ranar da ake yi wa kowane sabon ɗa shaidar gidansu, a ɗaura masa jan zare. Abin da aka tsaga a gaban dangi kuwa ya zama na gidan har abada, ko hukuma ba ta warware shi. Basilia ta yi dabara, tun jajibiri ta kai marayun da iyayen goyonsu wani kwazazzabo ta ɓoye.

Da gari ya waye ta shigo shinge ɗauke da tulun giyar masara, sai ga su a tsakiyar garke.

"Na ga sun ɓace miki, na sa Nemesio ya koro su," in ji Leandra. "Ba sai kin gode ba."

Dangi sun cika shingen. An yayyafa wa ƙasa giya don neman albarkar Uwar Ƙasa, hayaƙin turare na tashi, masu sarewa na busa. Baba Sabino na zaune a kan dutse da wuƙarsa, ana kawo masa 'ya'yan ɗaya ɗaya, Basilia na riƙewa. Har aka zo kan jan.

Tsohon ya tsaya. Ya shafa gashin, ya ɗaga ido.

"Basilia."

"Na'am, Baba."

"Ke kika yi damina da su. Ga turare na ci, ga dangi na ji. Duk abin da ke cikin shingen nan namu ne?"

Zuciyar ɗan alfakan na bugawa a tafin hannunta. Ko tausayinsa ne ya kama ta, ko tsoron idon mutane, ni dai ban sani ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Namu ne, Baba."

Wuƙa ta sauka. Jini ya ɗiga mata a zane.

Sai da ta ɗago ta gan shi. Toribio na tsaye a bakin shinge cikin bargonsa na zuwa coci, ƙunshin koka a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Ashe Leandra ta aika masa cewa tsoho ya sauko, Basilia ta ce ya zo yau a gaban dangi.

Da ya buɗe baki a wurin nan da ta gama jin kunya a duniya, bai buɗe ba. Ya tsaya har aka tsaga na ƙarshe, ya ajiye ƙunshin a kan katanga, ya juya.

Ta cim masa a bakin rafi.

"Toribio, tsaya ka ji..."

"Na ji ai. Kunnena ƙalau yake, ba a tsaga shi ba."

"Da na faɗi gaskiya da Baba ya kore su, da sun mutu."

"Da kin ce nawa ne, ki ce ke ma tawa ce, ki koro su da iyayen goyon mu tafi. Ba dabbobinki ba ne?"

Wannan hanyar ba ta ko zo mata a rai ba, kuma a buɗe take.

"Don me kika aiko a kira ni? Don in gani da idona?"

"Ni ban aika ba. Na rantse da..."

"Bar rantsuwa, Basilia. Yau na ga yadda kike yin ta."

Ya tsallake rafin.

Kafin damina ta ɗauke aka ce ya sayar da 'yan mazan alfakan da suka rage masa, ya hau mota zuwa ramin zinariyar nan da ke ƙarƙashin ƙanƙara, inda maza ke shiga da ƙafarsu ba duka ke fitowa da ita ba.

Basilia ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ci gaba da kiwo, ta daina waƙa, ta daina cin kirki. Ranar da ciyawa ta fara yin rawaya ta shiga shinge da majajjawarta ta fara ware nata.

Baba Sabino ya dogaro sanda ya fito.

"Ina za ki da su?"

"Ƙetaren tudu, Baba."

"Gidan wa? Yaron ba ya nan."

"Uwarsa na nan. Na yi ƙarya a gaban turare, Baba. Marayun nan nasa ne."

Leandra ta taso.

"Baba, kana kallo? An tsaga su a gaban mutane."

"Ke kika aika a kira shi, ko ba ke ba?" Basilia ta ce mata. "Matsa, Yaya, kar su tofa miki. Sun san ki."

Tsohon bai ɗaga sanda ba, bai zage ta ba. Cewa kawai ya yi:

"Sanyi na tafe, 'yata. Idan kika fita da su kin binne ni."

"Na sani, Baba... ka yafe mini."

"Ba zan iya ba."

Ta kora su tana tafe tana waiwaye har katangar ta ɓace.

Inna Eulogia, uwar Toribio, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Kin makara."

"Na sani, Inna."

"Kin iya hura wuta da ɗanyen kashin dabba?"

"Na iya."

"To shigo, kin bar mini ƙofa a buɗe."

Sanyin shekarar, 'yan matana, tsofaffi ma ba su san irinsa ba. Ruwa ya daskare a tulu, ƙanƙara ta rufe ciyawa kwana da kwanaki. Basilia ta yayyanka barguna ta ɗinka wa ƙananan riguna, ta riƙa fasa ƙanƙara da dutse tana tono musu abin ci har yatsunta suka tsattsage. Ta yi asara, amma yawancinsu suka ga bazara.

A gidan Baba Sabino kuwa babu wanda ya san kwarin da iska ba ta shiga sai ita. Nemesio direba ne a zuciyarsa, Leandra ta iya auna gashi amma ba ta iya kwana da dabba ba. Kowace safiya sai an ja gawa. Basilia na ganin mikiya na shawagi a kan tudun gidansu, ta juya baya ta ci gaba da fasa ƙanƙara.

Lokacin askin dabbobi, tana durƙushe da almakashi a kan wata uwa, inuwar mutum ta rufe ta.

Toribio ne, ya rame. Hannunsa na hagu a naɗe cikin tsumma, kuma gajere ne fiye da yadda ta san shi. Kafin ya yi magana sai da ya yi tari mai tsawo.

"Inna ta aiko mini wai wata ta mamaye mata gida."

"Ta ce ka zo ka kore ta?"

"Ta ce in zo in ga yatsunta."

Ta ɓoye hannuwanta cikin gashin. Ya durƙusa ya zaro su da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallo.

Jan nan ya matso, ya girma, wuyansa ya yi tsawo. Toribio ya shafa kunnensa, ya ji tsagar Baba Sabino a ƙarƙashin yatsansa.

"Wannan ba ta gyaruwa."

"Ba ta gyaruwa. Amma ɗaya kunnen lafiya lau yake. Ka sa taka tsagar a kansa, da kan nawa dabbobin duka."

"Da wane hannu? Ba na iya riƙewa in yanka."

"Ni zan riƙe maka."

Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, don ta san abin da ya tuna.

"Idan aka tambaye ki na wa ne fa?"

"A tambaye ni a gaban duk wanda aka ga dama."

Tarin ya sake taso masa. Ta tallabe shi har ya lafa, ta ga abin da ya tofar a kan ciyawa, ta sa ƙafa ta rufe.

"Na gani, kurciyata," ya ce. "Ba sai kin ɓoye ba. Ba miji mai daɗewa kika samu ba."

"Na tambaye ka?"

Aka ɗaura musu aure a cocin gari bayan an gama aski. Daga gidansu babu wanda ya zo.

Toribio ya ga damina uku, a ta huɗu ƙurar ramin ta gama da ƙirjinsa, ya bar ta da ɗiya guda. Baba Sabino ya sayar da abin da sanyi ya rage masa, ya bi Nemesio birni, ya rasu a ɗakin haya, bai ƙara yi wa 'yarsa magana ba. Leandra na can tana sayar da safa a bakin tasha. Inna Eulogia a hannun Basilia ta cika. Ita kuwa Basilia ba ta sake aure ba, tana nan ƙetaren tudu da garkenta, ɗiyar ce ke hawa da su fadama yanzu.

Ƙurunƙus. Wadda zarenta ya tsinke ta ƙulla.