Aljihu Na Sha Tara

Katunan lambobi ta kai a buga mata, daga ɗaya zuwa talatin da ɗaya, sai mai shagon ya ɗago ya tambaye ta ina sha tara ta shiga. Ta ce ya buga abin da aka ba shi kawai. Ya yi dariya, ya ce to Malama, an ji. Ita tela ce, amma sunan ya bi ta, ta kuwa rama da kiransa Mai Tawada saboda baƙaƙen yatsunsa.

Ba a yi wata biyu ba ya san hanyar gidansu. Babanta bai sake masa fuska ba, ya ce yaron bakinsa ya cika zaƙi. Ita ko a jikinta.

A falon gidan ya ga kalandar da ta ɗinka da yadi, mai aljihu talatin da ɗaya. Don Tsuntsuwa ta yi ta, 'yar marigayiya yayarta mai shekara biyar, wadda take riƙo. Kullum da safe yarinyar za ta hau kujera ta sa katin yau a aljihunsa, ta faɗi jiya da gobe, ta ƙirga murafen kwalba daidai da lambar, sannan ta jera su bibbiyu a ga ko akwai marar aboki. A aljihu na sha tara kuwa, fure ne na zare.

Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba sai shi. Ranar sha tara uwar Tsuntsuwa ta rasu, kuma tun daga nan yarinyar ba ta iya furta lambar. Sha takwas, shiru, ashirin. Ya saurara har idonsa ya kawo ruwa, ya tafi ya turo saƙo:

"Malamata, sirrinki ya zama nawa. Allah ya ba ni ikon riƙe ku ke da Tsuntsuwa."

Ta karanta ya fi sau goma.

Wata Laraba ta kai ɗinki gidan wata kwastoma, sai ga kalandarta a bango. Bugaggiya, mai sheƙi, da sunan shagonsa a ƙasa. Ga furen a sha tara, an rubuta a ƙarƙashinsa: "Yau hutu, a yi wasa!" Matar gidan har da ba ta shawara ta saya wa 'yarta, wai yara na son ranar furen. Ta ajiye kayan ta fito, ta nufi shagonsa.

Bai musa ba. Ya ce hoto ya ɗauka a ɓoye, yayansa da suke shagon tare ya ce abin zai karɓu, suka buga ɗari uku. Furen kuma, wai ya ga ya ƙawata shafin ne.

"Kukan marainiya ne ya ƙawata maka shafi?" ta ce. "Ni na buɗe maka bakina, laifina ne."

Ta toshe lambarsa. Babanta bai ce ai na faɗa ba, ya dai sa wa ƙofa sakata. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tana kewarsa, kuma tana jin haushin kanta a kan hakan.

Bayan sati shida wani saƙo ya shigo ta wata lamba:

"Na bi gida-gida da makarantu na karɓo su. Ban cancanci ki gan ni ba, amma naki ne. Ina ƙofa."

Babanta ya ce a shigo da shi a ga ƙarshen zaƙin baki. Mai Tawada ya rame, takalminsa ya cinye. Ya sauke kwalaye a tsakar falo, ta tura Tsuntsuwa ɗaki, ta zauna ta ƙirga da kanta, goma-goma. Ɗari biyu da casa'in da tara.

Ya sunkuyar da kai ya ce wata mata ta hana tata, ya koma sau huɗu, ta ce da kalandar ɗanta ya iya ƙirga.

Malama ta dube shi. "Injin yana hannunka. Me ya hana ka buga ɗaya ka cike?"

"Da na cuce ki sau biyu ke nan," ya ce.

Babanta ya yi gyaran murya, ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Ba ta yafe a ranar ba, sai da ya ƙara wata uku yana sintiri. Ranar da aka ɗaura aure, babanta ya riƙe hannun angon ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, sannan ya ce amana biyu ya ba shi, ba ɗaya ba.

Da suka keɓe ta ce, "Mai Tawada, har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi."

"Na sani, Malamata. Duk ranar da ya taso, ki faɗa mini, zan zauna in ji."

Ta miƙa masa hannu, ya riƙe da hannu biyu.