Yatsan da Dutse Ya Cinye

Siririya ta shigo gida hannu rabbana, ta tarar da su duka a tsakar gida suna jiranta. Surukarta, wadda kowa ke kira Inna, har ta wanke babbar tukunya ta kife. Wan mijinta, Yaya, yana zaune kan turmi yana kaɗa ƙafa. Mijinta Auta kuwa yana jingine da rumbun da ya yi wata biyu ba ko ƙwaya a ciki, da 'yarsu a kafaɗa. Yarinyar ta yi kukan yunwa har ta gaji ta yi shiru.

Ranar ce ta biyan kuɗin tallafi. Tun cikin rani aka rubuta gidajen marasa ƙarfi, aka ce da sunan uwar 'ya'ya kuɗin za su fito, ba kuma za a miƙa wa kowa ba sai ita ta ɗora babban yatsanta a na'ura. Don haka duk gidan a kan yatsa ɗaya ya rataya, daga abin da za a sa a baki har irin shuka, tunda na bara yunwa ta sa an dafa shi.

"Ina kuɗin?" in ji Yaya, ko sannu da hanya babu.

Ta durƙusa ta faɗa musu yadda aka yi. Sau bakwai tana ɗora yatsa, sau bakwai na'ura tana nuna ja. Daga nan ma'aikaciyar da ke biyan kuɗin ta kama hannunta ta juya, ta ce, "Sori, Anti, ba netwok ba ne. Zanen yatsanki ne ya goge." Shekara biyar ke nan Siririya tana fasa dutse a gindin tsauni tana sayar wa magina tsakuwa. Dutse ya lashe yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali, inda bai yi sumul ba kuma ya tsage. Ma'aikaciyar ta ba ta 'yar kwalbar mai, ta ce ta raba hannun da dutse da wanki har mako uku, ranar da za su dawo. In ya sake ƙi, sunanta zai fita, a sa wani gida.

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ai labari ya riga ta isowa: an ga an cusa mata wani abu a hannu ta ƙulle a bakin zane, ga shi kuma hanyar dawowa ta ƙofar gidan iyayenta ta bi. Mata nawa suka shiga layi suka fito da nasu, sai ita kaɗai? Kuma wai har hutun mako uku take nema, kamar matar attajiri.

Ta kwance bakin zanen ta nuna kwalbar. Ba wanda ya dube ta.

Inna ba muguwa ba ce, amma cikin da ba komai kunnensa a buɗe yake ga kowace magana. Ta juya wajen ɗanta.

"Auta, in ni na haife ka, ko ta fito da kuɗin nan, ko ta koma inda ta kai su."

Auta bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagin Yaya ƙuna a zuciyar Siririya. Mutumin da a da yake taka tafiyar rabin yini don kawai ya ga ta ɗebi ruwa ta wuce, yau ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ta shiga ɗaki ta zauna tana duban hannuwanta, hawaye na ɗiga a kai. In ta huta, ba tsakuwa, ba abinci. In ba ta huta ba, ba tallafi, ba aure. Gaba kura, baya siyaki.

Da gari ya waye ta nemi gudumarta a bayan ƙofa ta rasa, Auta ma ba ya nan. Ta ce a ranta shi ke nan, sallama ce, ya ɗauke ne don kada ta tafi da ita. Ta fara ƙulle 'yan tufafinta ke nan sai ga wata abokiyar aikinta ta leƙo, tana dariya har da riƙe ciki, ta ce ta zo ta ga abin da ido bai taɓa gani ba.

Ta goya yarinyar ta bi ta. A gindin tsauni, a tsakiyar mata, a daidai gurbin da take zama, ga Auta ya miƙe ƙafa yana fasa dutse. Har ya doki yatsansa, jini na zuba. Mata sun sa shi a gaba, wannan ta ce a sayo masa zane, waccan ta ce ya riƙe guduma kamar mai gaisawa da suruki.

Ya ɗago ya ga ƙullin kaya a hannunta.

"Mayar da wannan ɗaki, uwar yara. Hannun nan kada ya sake taɓa komai sai mai."

"Ashe ka yarda da ni?"

"Shekara shida ina riƙe hannun nan. In ban san ya goge ba, wa zai sani? Uwata ce ke magana jiya, ba zan mayar mata a gaban mutane ba. Na same ta ita kaɗai, na roƙi mako uku."

Mako ukun nan ba su zo da sauƙi ba. Tsakuwar Auta ba ta kai rabin tata ba, abinci ya koma sau ɗaya a yini, shi ma na yarinya ne da Inna, ita da Auta su lashi tukunya. Da sassafe ya share gona, da rana dutse, da yamma ya tsuguna bakin rijiya yana wanki, maza na wucewa suna tafa hannu. Yaya ya bi gari yana cewa an shanye ƙaninsa. Inna ta daina amsa gaisuwar Siririya, sai dai ta wuce ta ga mace zaune da hannu sharkaf da mai, ta yi tsaki.

Sai ga ruwan farko ya sauka. Maƙwabta da suka karɓi nasu suka fita shuka, gonar Auta tana kwance a share, ba iri. Wuyan yarinya ya zama kamar zare. Rana ta goma sha biyar Siririya ta kasa jurewa, ta ɗauki guduma za ta fita. Auta ya tare ƙofa, ya nuna mata yatsunsa da ke naɗe da tsumma.

"Kika doki dutse ɗaya, kin zubar da wannan a banza."

Ta saki gudumar, ta kifa kai a ƙirjinsa tana kuka.

Ranar da ma'aikatan suka dawo, Inna ta yafa mayafi ta ce da idonta za ta gani. Suka shiga layi su uku har da Auta, yarinyar goye a bayan uwarta. Siririya ta ɗora yatsa, ja. Ta sake, ja. Ta ji numfashin Inna a bayan wuyanta. Ma'aikaciyar ta goge gilashin ta ce, "A hankali, Anti, ba dutse ba ne." Siririya ta rufe ido ta ɗora kamar mai taɓa goshin jariri.

Kore.

Ma'aikaciyar ta juyo da na'urar wajen Inna, ta ce ko sisi bai taɓa fita da wannan suna ba sai yau. Inna ta dubi hannun surukarta, ta dubi na ɗanta. Sai a hanya ta miƙa hannu ta kwance goyon.

"Kawo ta nan, 'yata. Kin gaji."

Tun da aka kawo ta gidan, ba a taɓa kiranta da haka ba.

Ba su sayi zane ba, ba su sayi rediyo ba. Iri suka saya, da buhun hatsi, da safar hannu masu kauri har na mutum biyu, don Auta ya ce ya riga ya saba da gurbin. Da Yaya ya zo neman kason babba, Inna ce ta amsa masa daga bakin murhu: yatsansa lafiya lau yake, ga guduma can bayan ƙofa.

Shukarsu ta makara, amma ta kama.

Ku 'yan mata masu auna so da daɗin baki, ku ji da kyau. Tallafi yana cika tukunya, amma ba ya riƙe gida. Abin da ya riƙe wannan gida haƙurin mace ne, da namijin da ya san hannun matarsa, ya girmama uwarsa, bai kuma bari a zalunci kowa a tsakaninsu ba. Wanda zai zauna cikin dariyar mutane ya fasa dutse don yatsanki ya warke, shi ne miji. Sauran duk surutu ne.